Bayan motata na kwana a zaune: in gyara balan-balan ko in mayar da ita sifirin?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan Lexus GX470 ƙirar 2007 da na saya ta hannu. In na ajiye ta da daddare, kafin asuba bayanta ya zauna har taya ta kusa shigewa cikin bodi, kuma ɓangaren direba ya fi sauka. Da na tayar da ita sai kwamfiresar da ke hura iska a balan-balan (jakunkunan robar da ke ɗaga bayan motar) ta yi ta gurnani a ƙarƙashi kafin motar ta miƙe. Yanzu gurnanin ya fara daɗewa, ko a cikin gari tashi take a kai a kai. Bakanikena ya ce a cire kayan iskar gaba ɗaya, a sa sifirin na ƙarfe kowa ya huta. Ga shi ranar Asabar zan kai iyali biki Katsina daga Kano. In lallaɓa in je in dawo, ko ganganci ne?

Baban Hanif: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka ɗora iyali a kanta a haka. In balan-balan ɗin ta fashe kana kan gudu, bayan motar zai faɗi kan robar tsayawa, ta riƙa tsalle, in ka taka birki tana fizga. Da daddare kuma fitilunka sama za su kalla, su kashe wa masu tahowa ido. Ka ari mota, ko ku bi ta haya.

Oga na Ƙofar Ruwa: Ranka ya daɗe, tsufa ne kawai. Roba ce tun 2007, ga zafin rana ga ƙurar hunturu. Daidai inda take naɗewa nan take tsattsagewa. Kafin ka sayi komai, a dama sabulu da ruwa a fesa wa balan-balan biyun da bakin tiyo, motar tana ɗage sama. Inda iska ke zurarewa za ka ga kumfa tana tsirowa. In ba a ga kumfa ba, a duba sansar da ke auna tsayi, wadda ɗan sanda ya haɗa ta da ƙafar baya, sai bawul. Abin da ya fi damuna kwamfiresar nan. Ba a yi ta don ta wuni tana aiki ba, ɗan cikawa take ta tsaya. Ka ƙyale ta a haka, ƙonewa za ta yi, gyaran ya ninka. In za a canza, a canza biyun tare, ko da ɗaya ce ke yoyo. Don Allah kuma kada yaron gareji ya shiga ƙarƙashinta iska kaɗai ke riƙe da ita. A danna maɓallin kashe daidaita tsayi kafin a sa jak, a tokare ta da ƙarfe.

Abu Sadik: Ni tawa sifirin na sa mata, ban sake jin ɗuriyarta ba. Dama GX470 baya kaɗai ke da iska, gabanta sifirin ne, kuma gindinsu ɗaya da Prado 120, kayan ba sa wahalar samu. Amma a kashe layin kwamfiresa yadda ya kamata, in ba haka ba fitilar gargaɗi za ta yi ta kunnuwa a gabanka.

Maman Ilham: Abu Sadik, ka faɗa masa sauran mana. Ta maigidana da aka mayar, in an cika but da kaya ga mutane a kujerar ƙarshe, bayan lanƙwashewa yake, don ba abin da zai ƙara ɗaga ta. Laushin ma ya ragu.

Oga na Ƙofar Ruwa: Gaskiyar Hajiya. Mai yawan lodi ya bar iskarsa. Sai dai Alhaji ka guji balan-balan ta beljiyam, sa'ar wadda za ka cire ce. Ko sabuwa, ko sifirin.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. An fesa sabulun ɗazu, ta hagu ce ke kumfa. Oga, kwamfiresar fa, yaya ake gane ko ta riga ta gaji?