Yadda za a riƙa kwafe sabbin fayiloli kaɗai daga sabar gida

Habu_K:
Assalamu alaikum. Ina da sabar finafinai da hotuna a gida, manhajar kallon finafinai ta Jellyfin a kan Ubuntu, kayan ciki sun kai tera 3. So nake kowane dare a kwafe abin da ya shigo sabo zuwa faifan waje, ba sai an sake kwashe komai daga farko ba. Idan na sa umarnin neman fayiloli find -mtime -1 ya tsamo na kwana ɗaya, ya wadatar?

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam. Ka rabu da find a nan. Abin da -mtime ke dubawa shi ne ranar da aka canja abin da ke cikin fayil, ba ranar da ya shigo sabar ba. Hoton da aka ɗauka a 2019, jiya aka zubo shi da mv ko cp -p, yana nan da tsohuwar ranarsa, sai a tsallake shi ba ka sani ba. Haka kuma duk daren da sabar take kashe, kayan ranar sun wuce ke nan.

A bar rsync, umarnin kwafe fayiloli, ya gwada ɓangarorin biyu:

rsync -av --partial /srv/media/ /mnt/ajiya/media/

Girman fayil da ranarsa yake dubawa a kowane ɓangare, abin da babu ko ya bambanta shi kaɗai zai ɗauka. Karon farko ne kawai zai ci lokaci. Fara da ƙara -n ka ga jerin abin da zai yi kafin ya taɓa komai. Kuma ka lura da sandar / ɗin ƙarshen /srv/media/, in ka manta ta, zai buɗe maka wata media a cikin media.

Hajiya Bilki:
Ƙari a kan na Malam: da wane tsari aka tsara faifan wajen? In FAT32 ne, fim ɗin da ya haura giga 4 ba zai shiga ba sam. Kuma FAT yana ajiye lokaci ne daƙiƙa bibbiyu, sai rsync ya ɗauka fayil ya canja ya yi ta maimaita kwafa. Maganinsa -rtv a madadin -av, tare da --modify-window=1. Amma tunda Linux ne, a mayar da faifan ext4 a huta.

Habu_K:
Na gode ƙwarai. Ext4 ne. To in sa --delete, mai goge wa ajiya abin da babu shi a sabar?

Ɗanladi_T:
Ba shi kaɗai ba, Malam Habu. Duk abin da aka goge bisa kuskure, da dare zai bi shi ya goge a ajiyar ma. In dole ne, haɗa da --backup --backup-dir=/mnt/ajiya/tsoffi, wanda aka goge ko aka canja sai ya koma can.

Wani tarkon kuma: in faifan wajen bai hau kan /mnt/ajiya ba, /mnt/ajiya babu komai a ciki, rsync zai zuba tera 3 a faifan da Ubuntu ke kai har ya cika maƙil. A cron, mai gudanar da umarni a lokacin da aka sa masa, rubuta haka, ƙarfe 2 na dare:

0 2 * * * mountpoint -q /mnt/ajiya && rsync -a /srv/media/ /mnt/ajiya/media/

Bayanan Jellyfin kansa suna /var/lib/jellyfin, da rumbun bayanai na SQLite yake ajiye su. In za ka kwafe su, yi systemctl stop jellyfin tukuna, in ba haka ba kwafin na iya fitowa a lalace.