Layik kamar me, ciniki babu: ina matsalar tallata take?

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu harkar talla a intanet ku taimaka min da shawara. Ina sayar da jakunkunan goyo na saka kwamfuta, masu kyau ne wallahi ba yabon kai ba, ruwa ba ya shigarsu kuma akwai ɓoyayyen aljihu ta baya. Na buɗe shafi a Facebook da Instagram, duk hoton da na ɗora sai in danna Boost ɗin nan in biya don a nuna wa mutane da yawa, layik kam ba a magana, komen ma ana yi, wannan ya ce masha Allah wancan ya ce nawa ne, amma da zarar na ce a zo inbos sai ka ji tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ga abin da nake rubutawa a ƙasan hoton: "Sabbin kaya sun iso, inganci shi ne takenmu, farashi mai rahusa, a tuntuɓe mu ta inbos." Yanzu kuɗin tallar ya fara taɓa uwar kuɗi. Rubutun ne da matsala ko hoton, ko dai tallar intanet ɗin dama yaudara ce? Wani abokina ya ce in koma Google, shi ma ban san ya yake ba.

Mai_Lissafi:

Wa alaikumus salam. Malam ba yaudara ba ce, abin da ka biya shi aka kawo maka. Injin Meta, wato kamfanin da yake da Facebook da Instagram, ba ya tunani, umarni yake bi, in ka nuna masa layik da komen kake so to zai zagaya ya tattaro maka masu saurin hannu, mutanen da ko hoton bango ka sa sai sun danna, kuma ya san su ɗaya bayan ɗaya saboda yana da tarihin abin da kowa yake yi. Masu saye kuma wani rukuni ne daban, sau da yawa ma ba sa layik, shiru za su yi su duba sai ka ga saƙo.

Ka bar Boost ka shiga Ads Manager, wato wurin tsara talla na Meta, a nan ne za ka zaɓi manufar tallar da kyau, ko dai saƙonni zuwa WhatsApp ko ciniki in kana da shafin intanet na kanka. Duk lokacin da mutum ya ja allo ana yin gwanjo ne tsakanin masu talla, kuma ba wanda ya fi zuba kuɗi ne kawai yake ci ba, ana haɗa kuɗin da ka sa da hasashen ko mutumin zai aikata abin da kake so da kuma ingancin tallar. Shi ya sa talla mai kyau take fitowa da araha.

Wani abu da yake kashe sababbi shi ne rashin haƙuri. Meta da kansu sun ce injin yana buƙatar kimanin sakamako 50 (saƙonni ko ciniki, duk wanda ka zaɓa) cikin kwana 7 kafin ya gama koyo, to kai kuma yau ka canza hoto gobe ka canza garuruwa jibi ka ninka kuɗi, duk babban gyara yana mai da shi baya ya fara koyo daga farko. Kuma kar ka raba ɗan kuɗinka gida biyar, babu wanda zai kai ko'ina a cikinsu.

Lamba ɗaya za ka riƙe: abin da ka kashe a talla, ka raba shi da yawan jakar da ka sayar ta dalilin tallar. In abin da ya fito bai kai ribar jaka ɗaya ba ka ci gaba, in ya haura ka tsaya ka gyara. Layik ba ya cikin lissafin nan ko kaɗan.

Maganar Google kuma abokinka yana da gaskiya ta wani fannin, a can mutum ne ya rubuta abin da yake nema da hannunsa, wato da niyyarsa ya zo. Amma sai kana da shafin da za ka kai shi, kuma wurin rubutu a matse yake, kanu harafi 30 bayani harafi 90. Ni dai a ganina ka fara gyara inda kake.

Uwar_Alƙalami:

Duk abin da Mai_Lissafi ya faɗa haka ne, amma ɗan'uwa ko ka gyara manufar, da rubutun nan naka ba za ka je ko'ina ba, ka yi haƙuri fa. Ka cire hoton ka karanta shi kaɗai, mai takalmi zai iya sa shi, mai agogo zai iya sa shi, mai sayar da fili ma zai iya. "Inganci shi ne takenmu" wa ya taɓa cewa rashin inganci ne takensa? Abin dariyar ma shi ne ainihin tallar ka riga ka rubuta ta a tambayarka ba ka lura ba, ruwa ba ya shiga, akwai ɓoyayyen aljihu. Su ne kayan sayarwar, ka ɓoye su ka fito da kalmomin da kowa yake faɗa.

Da ni ce zan fara haka: "Ruwa ya tare ka a hanya da kwamfuta a baya? Wannan jakar ba ta jiƙewa." Sai in biyo da girman kwamfutar da take ɗauka, inci nawa, aljihun da yake manne da bayanka inda hannun ɓarawo ba ya kaiwa, kaloli, farashi, da yadda ake turawa. Layin farko shi ne komai, don a waya bayan wajen harafi 125 ake yanke rubutun sai mutum ya danna ya ga saura, kuma yawanci ba sa dannawa. David Ogilvy, wani shahararren masanin talla, tun zamanin jarida yake cewa masu karanta kanu sun ninka masu karanta cikin tallar sau 5, balle yanzu da yatsa yake gudu.

Hoto kuma ka ajiye na kamfani mai farin bango ɗin nan, kowa ya gaji da shi. Ka ɗauki wayarka ka yi ɗan gajeren bidiyo, ka sa takarda a cikin jakar, ka zuge, ka kwara mata ruwa, ka buɗe ka fito da takardar a bushe. Ruwan ya fara zuba tun a sakan na farko, ba sai ka yi gaisuwa da sunan shafi ba, kuma ka rubuta bayani a kan bidiyon saboda da yawa a kashe sautinsu yake.

Sai maganar "a zo inbos" wadda ni kam tana ƙona min rai. Mutum ya tambayi nawa ne ka ce ya biyo ka ɗaki, abin da zai zo masa a rai shi ne ko tsada ce da ita ko kuma kowa da farashinsa. Ka sa kuɗin a fili. Wanda ya yi maka magana bayan ya ga farashi ya riga ya yi rabin saye.

Tsohon_Hannu:

Hajiya a nan kam ban bi ki duka ba. Sa farashi yana da kyau ga kaya irin nasa, amma akwai abin da in ka sa kuɗin a gaba mutum zai gudu tun kafin ya gane me zai samu, musamman aiki ko kaya masu tsada. Ba doka ba ce, gwadawa ake yi. Claude Hopkins, wani tsohon gwanin talla, tun 1923 ya rubuta yadda suke sa wa kowace talla takardar da mai saye zai yanka ya aiko, mai alamarta daban, su ƙirga wadda ta fi dawowa, babu gardama babu "ni a ganina". Yanzu da injin yake ƙirga maka kyauta sai muka koma musu.

Ni abin da nake zargi ma ba tallar ba ce, bayan tallar ne. Malam in an turo saƙo minti nawa kake ɗauka kafin ka amsa? Mutumin da ya ga jaka yana kwance da dare ya yi maka magana, in sai da safe ka amsa sha'awar ta huce ko ya saya a wani wuri. Kuma me kake amsawa, "eh akwai" kawai? Ka tambaye shi girman kwamfutarsa, ka turo masa kala biyu ya zaɓa, ka gaya masa yaushe za ta iso da abin da zai faru in ta zo ba yadda ya gani ba. Tsoron damfara ne yake hana mutane tura kuɗi ga wanda ba su sani ba, ba rashin son kayan ba. Ka roƙi waɗanda suka taɓa saye su turo hoto ko murya, da izininsu ka ɗora. Amma na gaske fa, kar ka sa ƙannenka su rubuta yabo, ana ganewa, a Amurka ma hukumar FTC mai kare masu saye ta kafa dokar cin tara kan sharhin bogi a 2024.

Sabon_Shiga:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bidiyon ruwan nan gobe in sha Allah zan yi shi. Amma yanzu kun bar ni a tsakiya kan farashin, Hajiya ta ce in sa, Yallaɓai kuma ya ce a gwada. Ya ake gwajin, in yi bidiyo da farashi sannan hoto babu farashi in ga wanda ya fi?

Mai_Lissafi:

A'a Malam, in ka yi haka ba za ka san bidiyon ne ya yi aiki ko farashin ba. Bidiyo ɗaya, rubutu ɗaya, mutane iri ɗaya, kuɗi daidai, bambancin kawai ɗaya da farashi ɗaya babu. Akwai wurin gwajin A/B a cikin Ads Manager da yake raba mutanen don kar mutum ɗaya ya ga duka biyun. Ka bar su su yi aƙalla mako ba ka taɓa ba. Kuma ka sa wa kowacce saƙon farko daban a WhatsApp don ka san daga ina mutum ya fito. Ina kyautata zaton marar farashin za ta fi kawo saƙonni, kar wannan ya ruɗe ka, waɗanda suka biya za ka ƙirga a littafinka.

Uwar_Alƙalami:

To shikenan a gwada ɗin, amma ni na san wadda za ta ci. Ka dawo mana da sakamako dan Allah, Tsohon_Hannu kar ka ɓace ranar.