Ciwon fitsari yana kawo bakwaini?

'Yar Aboabo: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata ta haihu a wata bakwai nan Kumasi, jaririn yana cikin kwalba, tafin ƙafarsa bai fi babban yatsana ba. Ungozoma ta ce ciwon fitsari ne sila. Ta yaya?

Nas daga Nima: Wa alaikumus salam, Allah ya raya. Garkuwar jikin mai ciki takan sassauta don kada ta yaƙi ɗan tayi. Idan ƙwayoyin cuta suka hau mahaifa sai garkuwar ta harzuƙa, kumburi ya taso, sinadarin prostaglandin ya tada naƙuda, faya ta fashe kafin mako 37.

Maman Biyu: Maleriya ma haka take, tana maƙalewa a mabiyiya. Ni kam ban taɓa tsallake Fansidar ɗin awo ba.

'Yar Aboabo: Na gode, Anti Nas. Nono ma ta bututu ake ba shi.