"Babba juji ne": ina haƙurin shugaba yake tsayawa?

Maman Khalifa: Salamu alaikum. Wata uku ke nan da aka ba ni riƙon ɗakin haihuwa a asibitinmu, ma'aikata 11 ne a ƙarƙashina. Akwai wata da ta girme ni da kusan shekara 10, duk ranar da take aikin dare sai ta makara, wadda za ta karɓa ta yi ta zaman jira har bayan isha'i. Na yi mata magana a keɓe, ta ce ita ta koya mini ɗaura ƙarin ruwa. Kuma gaskiya ne, ita ta koya mini. Da na kai kuka wurin mahaifiyata sai ta ce, "Babba juji ne, kowa ya zo da shara sai ya zuba." Shin abin da karin maganar ke nufi ke nan, in haɗiye in yi shiru?

Tsohon Hedimasta: Wa'alaikumus salam, 'yata. Mahaifiyarki ta faɗi gaskiya, amma a duba wace shara ake nufi. Shekara 19 na yi ina riƙe da makaranta. An zage ni a bayan ido, an ce ina son kai wajen rabon darasi, uba ya taɓa shigowa ofishina yana nuna ni da yatsa saboda ɗansa ya faɗi jarrabawa. Wannan duka sharata ce, na ɗauka. Gorin da ta yi miki ma naki ne, ki shanye. Amma awa biyun da abokiyar aikinta take yi tana jira, alhali 'ya'yanta na gida, wannan haƙƙin wata ne. Ba ki da ikon yafe abin da ba naki ba.

Ɗan Kwari: Baba, ni fa ban yarda da karin maganar nan a wurin aiki ba sam. Ta gidan gandu ce, inda kowa jininka ne. A Kantin Kwari idan maigida ya zama juji, yaran shago za su cinye jarin kafin azumi ya zagayo. Yau turmi ɗaya ya ɓace ka kau da kai, gobe dila ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tsohon Hedimasta: Ɗana, sata daban, tsiwa daban. Yaron da ya yi maka gunaguni don ka tsayar da shi cikin rana yana sauke kaya, ka kore shi?

Ɗan Kwari: A'a, wannan kam sai dai in saya masa ruwan sanyi.

Manomin Gezawa: Ku bari in sa baki, domin mu ne muka san juji. Mutanen birni suna ganinsa wurin ƙazanta ne kawai. Mu kuwa tun kakanni da jakuna ake zuwa cikin Kano da rani, a cika mangala da takin juji a kai gona, shi ya sa ƙasar kewayen birnin take noma shekara da shekaru ba ta gaji ba. Toka, kashin awaki, ɓawon gyaɗa, duk su taru su ruɓe su zama abin da gero yake so. To a fahimtata babba haka yake. Ana kawo masa ƙorafi da fushi da tsegumi, shi kuma ya juya su su zama gyara. Wanda aka zuba masa ya ajiye kawai bai yi komai da shi ba, wari zai yi, maƙwabta su fara toshe hanci. Sannan ku lura, juji ba ya tashi ya kai sharar gidan wane ƙofar gidan wane. Hajiya, abin da ma'aikaciya ta faɗa miki a kan 'yar'uwarta, kada ya fita ta bakinki.

Maman Khalifa: Wallahi Malam wannan ta ƙarshen ta taɓa ni. Kullum sai an kawo mini zancen wata.

Malama Ta Zazzau: Yaya, ga abin da zan ƙara. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Wannan shi ne juji ta fuskar abin da ya shafi kai. Amma shi ɗin dai, lokacin da aka nemi a sassauta wa matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata saboda darajar danginta, ya ƙi. Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ta haɗa duka: da ka kasance mai kaushi mai ƙeƙasasshiyar zuciya da sun watse daga gare ka, ka yafe musu, ka shawarce su, idan kuma ka ƙudura niyya ka dogara ga Allah. Akwai yafiya, akwai shawara, amma a ƙarshe sai an yanke.

Ɗan Kwari: To ai mun dawo maganata. A rubuta mata takardar tuhuma a wuce wurin.

Malama Ta Zazzau: Ba da ita ake farawa ba. Kin taɓa tambayarta me ke tsayar da ita, Yaya? Ruwa ba ya tsami banza. Wata miji ne ba ya dawowa da wuri, wata kuɗin adaidaita ne ya fi ƙarfinta tun da aka cire tallafin mai a 2023 take jiran mai rage mata hanya.

Maman Khalifa: Ban tambaya ba. Na dai gaya mata laifinta.

Tsohon Hedimasta: To ki koma. Ki kira ta Yaya kamar yadda kika saba, ki fara da cewa ba ki manta alherinta ba, sannan ki tambaye ta. In matsala ce ta gaske, ku sauya jadawali da sanin sauran, kada su ga an fifita ta a ɓoye. In kuwa raini ne, ki gaya mata ƙarara cewa karo na gaba a rubuce zai zo, kuma in ya zo ki rubuta. Wadda ake bari tana jira ita ma ki same ta, ki ce kin gani, kina kan magana. Sau da yawa abin da ke karya zuciyar ma'aikaci mai ƙoƙari shi ne ya zaci shugaba bai ma lura ba.

Ɗan Kwari: Na yarda da tambayar farko. Amma Hajiya ki sa wa abin rana, kada ya wuce wata guda.

Maman Khalifa: Ranar Alhamis take dare. Zan zo tun la'asar in jira ta a ofis, in sha Allahu. Na gode, Allah ya saka da alheri.