Tambaya ga masu kiɗa: na cije wurin kwaikwayon wata tsohuwar waƙa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan situdiyo a Tudun Wada, nan Kaduna. Wani Alhaji ya ba ni aikin kaɗa wata waƙar Turawa ta shekarun 1970 a dinar 'yarsa, wai ita aka sa ranar nasu auren. Babu rubutaccen kiɗan, da kunne nake bi, kuma daga kaset ɗinsa na kwafo.

Ganguna da bes ba su ba ni wahala ba. Na sa waƙar a manhajar gyaran sauti ta Audacity, na rage gudu, na yanke duk sautin da ya haura 200 Hz (ma'aunin kaifin sauti), sai ga bes ɗin fes.

Matsalar ita ce waƙar ta ƙi zama kan fiyano. Fiyanona Yamaha PSR yana kan 440 Hz, saitin da aka saba, amma in na danna G sai waƙar ta ɗan fi shi sama, G# kuma ya wuce ta. Na san a zamanin tef, da an ƙara gudu kaɗan sauti yakan ɗaga. To tun wurin ɗaukar waƙar aka yi haka, ko kaset ɗin ne? In sauke ta zuwa G, ko in ɗaga fiyanon ya bi ta? Alhaji dai kunne gare shi, zai gane.

Sai kuma busar da ke cikin amshi. Turampet a sama, saksafon a ƙasa, amma akwai ta uku a tsakiya da gogen Turawa ya danne. Na saurari hagu daban, dama daban, ba ta fito ba. Yaya kuke zaƙulo irin wannan?

Bikin bayan Sallah ne. Duk wanda ke Barnawa ko Kawo, don Allah ya yi magana, in zo da filashi mu saurara tare.