Takobin rataya a bango ko na atisaye: ina neman shawara

Sadiq_Fagge:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina koyon karate a nan Kano, kuma tun bara hankalina ya karkata ga wasan takobi irin na Japanawa, kendo da iaido. Malaminmu ya iya 'yan motsi da sanda, amma ya faɗa mini gaskiya cewa takobi ba fanninsa ba ne.

Yanzu na tara 'yan kuɗi, abu biyu ne a gabana. Akwai katana, wato takobin Japanawa, da ake tallatawa a Instagram, uku a jere a kan maɗorinsu, sai ƙyalli suke, mai sayarwa ya ce ƙarfensu ba ya tsatsa. Sannan akwai takobin kakanmu da ke wajen Baba, miƙaƙƙe mai kaifi biyu, da layi uku a jikin ruwansa da wani tambari kamar jinjirin wata guda biyu suna fuskantar juna. Kubensa na jar fata ne, duk ya bushe ya tsattsage, hamilar ma ta tsinke. Baba ya ce in zan kula da shi in ɗauka.

In sayi katanar in riƙa atisaye da ita? Ko in gyara na Kaka, a wasa shi, in yi amfani da shi tunda shi na gaske ne? Ni dai ina son abin da zan riƙe a hannu in koya, ba wanda zan zuba wa ido kawai ba.

Ɗan_Maƙera:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, don Allah kada ka kaɗa ko ɗaya daga cikin biyun. A maƙera na tashi, bari in gaya maka abin da mai talla ba zai nuna maka a hoto ba.

Lafiyar takobi tana cikin ƙota, inda ido ba ya gani. Takobin da aka yi don aiki, ƙarfen ruwansa ne yake zarcewa da faɗinsa ya ratsa cikin ƙotar har ƙarshe, yanki ɗaya. Waɗannan na uku a jere kuwa, galibinsu ruwan a bakin ƙota yake ƙarewa, sai a yi masa waldar wani siririn rodi mai zare a ɗaure shi da noti a ƙasa. A bango zai shekara ashirin lafiya lau. Ranar da ka kaɗa shi da ƙarfi, nauyin gaba ɗaya a kan wannan ɗigon waldar yake sauka. An taɓa kawo mana irinsa gyara, wani yaro ne ya sari iska da shi a tsakar gida, ƙotar ta rage a hannunsa, ruwan ya tashi ya huda ƙofar langa-langa. Ƙannensa suna zaune a gefe. Mahaifina ya ƙi gyarawa, ya ce ba zai mayar da wannan abu hannun yaro ba, kuma har gobe ina ganin daidai ya yi.

Maganar ba ya tsatsa kuwa, ita ce ma abin tsoro. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana da kyau a wuƙar kicin, saboda gajeriya ce. In aka ja shi ya kai tsawon takobi, irin wanda suke amfani da shi gautsi gare shi, karyewa yake maimakon ya lanƙwashe ya dawo. Takobin aiki da baƙin ƙarfe ake yin sa, za ka ga ana rubuta lambobi kamar 1060 ko 1095 ko 5160. Wannan na ƙarshen shi ne ƙarfen sifirin mota, shi ya sa maƙeranmu suke neman tsohon sifirin in za su ƙera adda mai kyau. Kuma ƙarfe kaɗai bai isa ba, sai an ƙona shi an tsoma a mai, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don gautsin ya ragu. Irin wannan takobi yana tsatsa, sai da shafa mai. Duk mai sayarwar da ba zai iya gaya maka lambar ƙarfe ba, ba zai nuna maka hoton cikin ƙota ba, kayan ado yake sayarwa.

Na Kaka kuma ya tsufa. Ba ka san ko tsatsa ta cinye ƙarfen cikin ƙotarsa ba.

Habibu_Osaka:

Malam Sadiq, ni a nan Japan nake karatu kuma ina zuwa kulob ɗin kendo na jami'armu. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a kendo ba a riƙe ƙarfe a fafatawa sam. Shinai muke amfani da shi, tsagin gora huɗu da aka ɗaure da fata da zare, na manya ba ya wuce santimita 120, na maza kuma ba ya gaza giram 510. Tare da shi akwai sulken fuska da na hannu da na ƙirji. Idan za a yi kata, wato motsin da aka tsara na mutum biyu, sai a ɗauki bokken, takobin katako, tsawonsa kamar mita ɗaya.

'Yan iaido su ne masu zare takobi daga kube, amma su ma da katako suke farawa, daga nan su koma iaito. Shi iaito kamanninsa sak katana, sai dai an yi shi da haɗin alminiyam da zinki, ba shi da kaifi kuma ba ya wasuwa. Mai kaifi sai mutum ya daɗe, malaminsa ya yarje masa. Kuma kafin kowane atisaye za ka ga kowa ya duba mekugi, ɗan tsinken gorar da ke ratsa ƙota ya riƙe ruwan, don in ya saki, abin da Ɗan Maƙera ya ba da labari shi zai faru ko da takobin mai tsada ne. A nan takobi na gaske sai da takardar rajista ake mallakarsa, maƙerin ma sai da lasisi.

Shawarata, kai wa kafinta awon bokken ya sassaƙa maka. Matsalarka ta gaskiya malami ce, domin bidiyo ba zai gaya maka kafaɗarka ta ɗage ko ƙafarka ta baya ta karkace ba.

Baba_Maraɗi:

Ɗana Sadiq, sannunka da zumunci, tunda har ka tsaya ka tambaya kafin ka kai takobin kakanka wajen mai wasa wuƙa. Amma akwai maganarka ɗaya da ta tsaya mini a rai, inda ka ce ba ka son abin da za ka zuba wa ido kawai. Ajiye takobi aiki ne mai zaman kansa, kuma a ƙasarmu ba ƙaramin abu ba ne. Takobin nan Gajere yana nan cikin kayan sarautar Katsina, ana danganta shi da Korau. A Daura akwai takobin da ake dangantawa da Bayajidda. Mu nan Nijar, babbar gasar kokawarmu ta ƙasa tun da aka fara ta a Tahoua a 1975, abin da zakara ke ɗagawa takobi ne, kuma Kantu namu na Maraɗi ne ya fara ɗaukarsa. Babu wanda ya taɓa cewa waɗannan ba su da amfani don ba a sara da su.

Siffar da ka bayar, miƙaƙƙe, layi uku, jinjirin wata biyu, ita ce ta takobin da mu da Buzaye muka sani tun daga Agadas har Kano. Na koyar da tarihi kafin in yi ritaya, shi ya sa zan ƙara maka wannan. Bajamushen nan Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa ana shigo da ruwan takubba kusan 50,000 a shekara, mafi yawansu daga Solingen ta Jamus, a Kano ake yi musu ƙota da kube a sake fitar da su wasu ƙasashe. Maƙeran gida kuma sun riƙa buga irin tambarin Turawan a kan nasu, saboda haka jinjirin wata shi kaɗai ba ya nuna inda aka ƙera shi. Sai wanda ya saba ya riƙe ya duba. Kana kusa da Gidan Makama, je ka ga na can ka kwatanta.

Roƙona ɗaya: kada ka bari a sa masa injin gurza ko sanfefa. Na ga takubba da yawa da aka goge har tambarin ya ɓace don a fita da su hawan sallah suna walƙiya, abin yana ƙona mini rai, domin ba ya dawowa. Tsumma mai laushi da man keken ɗinki sun isa. Da damina kada ka bar shi cikin kube, fata na riƙe danshi. Kuben ma kada ka yar, kai wa baduku tsoho a Kurmi ya ɗinke inda ya rabu ya sa sabuwar hamila, amma ka hana shi sauya fatar.

Sadiq_Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba na Maraɗi, na ji, ba za a gurza takobin Kaka ba in sha Allah. Katanar ma na fasa. Yaya Ɗan Maƙera, wane icce zan ce kafinta ya nema don bokken ɗin? Kuma ya zan yi da ɗaukar sa zuwa wajen atisaye, ka san yadda ake kallon matashi da makami a gari yanzu.

Ɗan_Maƙera:

Japanawa da wani icce mai tauri na ƙasarsu suke yi. A nan ka nemi marke ko ƙirya da ya bushe sosai, marar ƙulli, kuma a bi tsawon jijiyar iccen wajen yanka, in aka yanke ta a karkace zai tsage a bugun farko. Ƙirya ta fi nauyi, a rage mata kauri kada ta gajiyar maka da wuyan hannu. Farin katakon rufi kada ka yarda da shi. A goge shi sumul, a shafa masa mai maimakon fenti, don in ya fara tsagewa ka gani da wuri.

Wajen ɗauka, tela ya ɗinka maka doguwar jaka, ka sa shi tare da kayan karatenka, kuma in da hali ka bar shi a wajen malaminku. Lokacin sallah musamman, da 'yan sanda ke sa ido kan masu yawo da makami saboda faɗan daba, ko na katakon kada ka fita da shi a fili.