Ƙumbar zartsi: sunan da nake ba wa 'yar Tekun Kasfiya

1/ Masu fassara, ku matso. Akwai wata halittar ruwa da Turawa ke kira cockle, kuma na ga wasu na rubuta ta da "katantanwa". Ban yarda ba. Katantanwa ɓawo ɗaya gare ta, a naɗe. Wuri ma danginta ne. Ita kuwa wannan ɓawo biyu ne da ita, masu buɗewa da rufewa kamar marfin akwati, da zane-zane masu tudu-tudu a bayansu. Sunan irin wannan a Hausa ƙumba.

2/ Masana sun sa wa danginta Cardiidae, daga kalmar Girkanci mai nufin zuciya, domin in ka haɗa ɓawon biyu ka dube su ta gefe, siffar zuciya za ka gani. Don haka dangin gaba ɗaya: ƙumbar zuciya.

3/ Wadda ta fi damuna cikin dangin nan ita ce Didacna, jinsin da masani Eichwald ya raɗa wa suna a 1838. A yau ba inda ake samunta da rai sai Tekun Kasfiya, wanda Rasha da Kazakistan da Turkimenistan da Iran da Azarbaijan suka kewaye. Ruwan nan ba na daɗi ba ne, kuma bai kai na babban teku gishiri ba. Kowace lita tana da gishiri kimanin giram 12 zuwa 13, alhali na babban teku ya kai 35. Can arewa, inda kogin Bolga ke zuba, ya kusa zama ruwan sha.

4/ Wajen faɗin sunan irin wannan ruwa da Hausa, me ya kai mu doguwar jimla irin "ruwa mai ɗan gishiri-gishiri"? Duk wanda ya taɓa kurɓar ruwan rijiyar da sabulu ba ya kumfa a cikinsa ya san zartsi. Na san za a ce zartsin rijiya ba gishiri kaɗai ke kawo shi ba, har da kanwa da wasu ma'adinai. Wannan ma ya ƙara mini ƙarfi, domin in aka gwada da babban teku, kason salfet da kalsiyam da maganiziyam ya fi yawa a gishirin Kasfiya.

5/ To na tsaya a kan ƙumbar zartsi. In ana son ware Didacna daga sauran danginta da ke ruwan zartsi, a ce ƙumbar zartsin Kasfiya. Masuntan Yawuri da na bakin Tafkin Chadi, in kuna da wani suna na ƙumba mai zane a baya, ku faɗa mana kafin a shigar da wannan cikin littattafan makaranta.